Tsakanin Gwarimpa da Gyaɗi-Gyaɗi

Gwarimpa, Abuja
9 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga abokina Malam Rabi'u Mai Ɗab'i,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya Hajara da yara. Ya aiki, ya kuma haƙuri da rashina?

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Ka san ƙarar injinmu ta cinye min kunne tun tuni. In ka kira ni a waya sai in ji kamar daga rijiya kake magana. To mu da muka shekara talatin da takwas muna buga wa mutane takardu, ai takarda ba za ta gagare mu ba. Na yi magana da Bello direba, mai lodi a tashar Unguwa Uku, ya ce zai riƙa kai mana.

Wata ɗaya ke nan da 'yata Obiamaka, wato Amaka, ta ɗauko ni. Ka san hujjarta: tun rasuwar mahaifiyarta Nkolika ina zaune ni kaɗai a Tarauni, ga hawan jini. Na zo ina gunaguni, amma Rabi'u, gaskiya ɗaya ce, gari ya yi gari. Titi shimfiɗe kamar sabuwar takarda, babu ɗan adaidaita sahun da zai goge maka gwiwa ya kuma zage ka. Mijinta Ayobami ya zaga da ni na ga Majalisa, na ga Sakatariya. Na tsaya ina kallo na ce, ashe nan ne ake dafa abin da muke ci a Kano ba mu san wanda ya dafa ba. Ka tuna shekarar da kuɗin takarda ya ninka muka kusa rufe shago? Wani ne ya zauna a ɗaya daga cikin ofisoshin nan ya sa hannu, ko sunan Gyaɗi-Gyaɗi bai taɓa ji ba.

Kullum kuna kirari wai Kano tumbin giwa. Na yarda, tumbi ce. Amma kan giwar yana nan Abuja, kuma inda kai ya juya nan tumbi ke bi. Ka kawo amsa in kana da ita.

Ka gaida Haruna makaniken injin, ka ce masa kada ya cika wa tsohuwar na'urar nan tamu mai, ba ta so.

Naka,
Ikemefuna (Ike na Gyaɗi-Gyaɗi)

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
20 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga aminina Ike,

Bayan gaisuwa irin ta aminai da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Amaka da maigidanta da jikoki. Mu nan sai godiya.

Saƙonka ya iso. Na karanta shi a bakin shago, jama'a suka taru kamar ana rabon gado. Da na zo wurin kan giwa sai Haruna ya ce, "Wata ɗaya kacal, har Ike ya zama ɗan gwamnati!"

To ga amsa. Ban musa ba, a Abuja ake sa hannu. Amma ka tambayi mai sa hannun, hular da ke kansa a ina aka ɗinka ta, shaddar jikinsa daga wace kasuwa ta fito. In ya koma gida ya cire takalmi, fim ɗin da matarsa ke kallo a nan Titin Gidan Zoo aka haɗa shi, waƙar da direbansa ke ji a mota a bayan shagonmu aka rera ta. Littattafan da ni da kai muka buga wa matan nan marubuta, har Agadas da Kumasi an karanta su, ba da sa hannun kowa ba. Gwamnati nawa muka gani ni da kai? Kowace ta zo ta wuce. Kasuwar Kurmi kuwa tana ci tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Nijeriya.

Kuma ka jira Kirsimeti ko Sallah ka gani. An ce garin naku watsewa yake, kowa ya tafi gida. Garin da kowa ke barinsa ya tafi gida, shi gidan wa ne?

Shago yana nan yadda ka bar shi, sai dai aiki ya ja baya. Yanzu katin biki ma a waya ake aikawa. Jiya na buga kalandar wata Islamiyya ta Unguwar Gano, sai da aka gama ɗari biyar na ga an rubuta "Rajab" sau biyu. Da kana nan da idonka ya kama tun kafin a ɗora a kan inji.

Hajara ta ba Bello gurasa da ƙuli-ƙuli ya kawo maka. Ta ce ka rage gishiri.

Ka huta lafiya.
Amininka,
Rabi'u Abdulmalik

*

Gwarimpa
28 ga Disamba, 2023

Rabi'u,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkiri, na rubuta maka tun tuni na rasa inda na ajiye, sai na sake.

Ka ci gari a maganar Kirsimeti. Layinmu gida goma sha biyu ne, uku kawai suka rage da mutane. Amma ka yi kuskure da ka ce garin ba na kowa ba ne. Akwai wata tsohuwa Bagwariya mai sayar da doya a bakin babban titi, muna hira da ita da Hausa. Ta nuna min daidai inda gidan Amaka yake ta ce gonar ubanta ce, a nan aka binne cibiyarta. Ka ga ashe garin yana da masu shi, sai dai an matsar da su gefe. Sai na sayi doyar da ba na bukata.

Zaman nan, Rabi'u. Da safe kowa ya fita, a rufe get. Ni da talabijin. Maƙwabcinmu wata huɗu ban ga fuskarsa ba, gilashin motarsa kawai na sani. Ran nan na ɗaga masa hannu na ce "Barka da asuba," ya aiko mai gadi ya tambaya ko wani abu nake nema. A Tarauni daga ƙofar gida zuwa bakin titi sai na yi gaisuwa ashirin, har in riƙa jin haushi. Yanzu ita nake nema.

Jikokina yara ne masu ladabi, amma Turanci kawai suke ji. In na yi musu wasa da Hausa sai su kalli uwarsu. Ni da aka haifa a Sabon Gari, yaƙin basasa ya kore mu ina ɗan shekara goma sha uku, na dawo da ƙafata saboda ko a can garinmu da Hausa nake mafarki, yau ga ni a babban birnin ƙasata ina neman wanda zan ce wa "sannu" ya ce "yawwa".

Duk da haka ban janye ba, nan ne kan giwa. Asibitinsu ma kaɗai ya isa.

Ka gaida Shehu mai shayi, ka ce ya ajiye min kofina mai tsaga.

Ike

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
5 ga Janairu, 2024

Zuwa ga aminina Ike,

Bayan gaisuwa da fatan an yi Kirsimeti lafiya, Allah Ya maimaita mana.

Na karɓi gyaranka a kan Bagwariya. Na yi magana da gaggawa, Allah Ya yafe min.

Amma Ike, akwai abin da ya tsaya min a rai. Ka ce in gaida Shehu mai shayi. Shehu ai shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Kai ne ka kai shi asibiti a motarka, kai ka tsaya a bakin maƙabarta har muka fito. Wataƙila ɗansa Abba kake nufi, wanda ya gaji teburin. Na gaishe shi, yana amsawa.

Wannan takardar ban karanta wa kowa ita ba. Ka faɗa min gaskiya, lafiyarka ƙalau? Kana shan maganinka? Kana samun barci? In zaman ne ya ishe ka, ka roƙi Amaka ta bar ka ka zo ko mako biyu ne. Ɗana Mubarak ya tare a gidansa, ɗakinsa na nan babu kowa.

Na bar maka gardamar, ka ci. Ka dai rubuto da wuri.

Amininka,
Rabi'u

*

Rabi'u,

Gaisuwa. Yau ban fito shago ba, an kulle ƙofa, ban san wanda ya tafi da makulli ba. Ka fara aikin katin, ina zuwa.

Ka biya ta gida ka ce wa Nkolika kada ta jira ni da abinci. Mutanen gidan nan suna da kirki amma ban san su sosai ba. Akwai wata mai kama da ita.

Wane gari ne nan? Babu kiran salla kusa, ban san lokaci ba.

Ka turo mai adaidaita.

Ike

*

Gwarimpa, Abuja
2 ga Maris, 2024

Baba Rabi'u,

Ina wuni, Baba. Ina gaida Mama Hajara da su Nafisa. Ni ce Amaka. Ka yi haƙuri da rubutuna, Hausar a baki na iya ta, ban saba rubuta ta ba. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ka, kuka ya hana ni.

Takardar da ke haɗe da wannan a ƙarƙashin matashin Baba na same ta. Na so in ɓoye, sai na ga kai ya rubuta wa, haƙƙinka ne.

Baba ba shi da lafiya. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Ya ce ya daɗe da farawa, tun yana Kano. Ina jin ku ba ku lura ba ne saboda a can komai ya san shi, ƙafarsa ma ta san hanya. Da na kawo shi inda bai san komai ba sai abin ya fito fili. Ni na ɗauka gata nake yi masa.

Ranar Talatar da ta wuce mai gadi ya je sallar azahar, Baba ya buɗe get ya fita. Awa biyar muna nema. Wata mai doya ce ta riƙe shi, ta gan shi yana tsayar da motoci yana cewa a kai shi Gyaɗi-Gyaɗi. Ta zaunar da shi a inuwa ta ba shi ruwa har muka zo. Da ya gan ni sai ya ce, "Hajiya, ko kin san hanyar Tarauni?"

Abin da ya fi damuna, Turancinsa ya tafi. Ibo ma sai kalma ɗaya-ɗaya. Hausa kaɗai ta rage masa. Ayobami ba ya ji, yara ba sa ji, mai aikin da muka ɗauka ba ta ji. Ni kaɗai ce, ni kuma tun bakwai na safe ina ofis. Wuni yake yana magana babu mai amsa masa.

Ranar da ya ɗan dawo hayyacinsa sunanka yake kira. Baba, na san ka sha cewa ba abin da zai kai ka Abuja. Don Allah ka zo.

'Yarka,
Obiamaka

*

Daurawa, Tarauni, Kano
12 ga Maris, 2024

Zuwa ga 'yata Amaka,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Na iso gida lafiya, na gode da karamcinku, ki miƙa godiyata ga maigidanki.

Akwai maganar da na kasa yi a gabanku, don na ga idonki ya riga ya cika. Kwana uku da na yi, kin ga yadda ya ci abinci, kin ji dariyarsa. Da muka zauna a baranda ya ce min, "Rabi'u, ka zo ka ga kan giwa?" Na ce na gani. Ya ce, "To ka mayar da ni tumbi, nan sanyi." Yana cikin hankalinsa ya faɗa, ba ni na sa masa a baki ba.

Ban raina abin da kuke yi ba. Na ga asibitin, na ga ɗakin da kuka gyara masa, ko gwamna sai haka. Garinku yana da abin da namu ba shi da shi, na gani da idona, na daina musu. Amma likita da kansa ya ce maganin ba ya warkarwa. Abin da ya rage masa shi ne ya yi magana a amsa.

Ki ba ni shi. Ɗakin Mubarak yana nan. Hajara ta yarda, ita ce ma ta fara faɗa. Nafisa 'yarmu ma'aikaciyar jinya ce, a gidan take, za ta kula da maganinsa. Ranar Lahadi Haruna zai kai shi cocinsu a Sabon Gari ya jira shi ya dawo da shi. Addininsa amana ne a wuyana, ba mai taɓa masa. A unguwar nan ko ya fita ba zai ɓata ba, daga mai kanti har mai faci kowa ya san Ike.

Lokacin da gobara ta cinye shagona na farko, mahaifinki ne ya buɗe nasa ya ce in shigo da abin da ya rage min, ya sa aka rubuta sunana kusa da nasa a allo. Ba ramawa nake so in yi ba, wannan ba ya ramuwa. Ina faɗa miki ne don ki san ba a hannun baƙo za ki damƙa ubanki ba.

Ki yi shawara da 'yan'uwanki. Duk abin da kuka yanke, ba zan ga laifinki ba.

Babanki,
Rabi'u Abdulmalik

*

Gwarimpa, Abuja
6 ga Afrilu, 2024

Baba,

Ina gaisuwa, ya azumi?

Na daɗe ban amsa ba saboda rigima aka yi. Yayana da ke Fatakwal ya ce abin kunya ne, a ce muna da rai mu kai ubanmu gidan wani. Dangin Baba na ƙauye suka ce in dai ba Abuja ba to a kawo shi gida. Na ce musu wane gida? Mutumin da shekara hamsin bai kwana goma a jere a can ba? Sun ce na zama Bahaushiya. Kawuna ya daina ɗaukar wayata.

Ni ma ban so ba, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Na ji haushinka kwana biyu. Na yi karatu, na yi aiki shekara goma sha biyar don wata rana in ɗauko iyayena daga gidan haya in kawo su inda wuta ba ta ɗaukewa. Mama ba ta jira ba. Shi kuma na kawo shi, ga shi yana kuka a kan kujerar da na saya masa.

Shekaranjiya na dawo daga aiki na same shi a bakin get daga ciki, ya sa hularsa, ya riƙe takalminsa a hannu. Mai gadi ya ce tun safe yake tsaye, duk wanda ya wuce sai ya gaishe shi ta ramin ƙofa. Na tambayi mai gadin mutum nawa suka amsa. Ya ce ko ɗaya.

Bayan Sallah da kwana uku zan kawo shi da kaina. Zan riƙa zuwa duk ƙarshen wata. Ayobami ya ce in gaya maka ya gode, ya rasa da wane baki zai faɗa.

Ba ya son ruwan sanyi. Yana tsoron madubi yanzu, a cire na ɗakin.

'Yarka,
Amaka

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
19 ga Yuni, 2024

'Yata Amaka,

Bayan gaisuwa. Kin ce in riƙa faɗa miki gaskiya, wadda ba na iya faɗa a waya.

Jikinsa da sauƙi, ya ƙara ƙiba, yana barci. Kullum tare muke fitowa shago. Ya san kowane lungu, yana gaida mutane suna amsawa, wasu har da sunan iyayensu yake kiransu. Ran nan ya tsayar da wani mai rubutun allo ya nuna masa ya manta bai sa ƙugiya a kan "ƙ", kuma gaskiyarsa ce.

Ni ne bai sani ba. Yau kwana goma sha tara rabon da ya gane ni. "Malam" yake ce min, da ladabi, kamar wanda ya zo karɓar aiki. Ya ba ni labari wai yana da wani aboki Rabi'u, tare suka kafa wurin nan, amma ya tafi Abuja ya samu manya ya manta da shi. Na ce masa wataƙila yana hanya. Ya ce, "Zai zo. Ba shi da alƙawari biyu."

Da safe in mun zauna a bencin ƙofar shago sai ya shimfiɗa hankicinsa a gefen dama, ya ce kada kowa ya zauna, wurin Rabi'u ne. Ni sai in zagaya in zauna a hagunsa, mu jira tare har azahar.

Kada ki damu, ba ya cikin ƙunci. Sai kin zo.

Babanki,
Rabi'u